Direkta a Ƙarƙashin Gado

Zongo, Lome
Farkon watan Yuni

Yaya Asibi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ki gaishe mini da Goggo, ki ce mata saƙon ta'aziyyarta ya iso, Allah ya saka da alheri. Ni ma ƙalau nake, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Wayata tana cikin akwatin Inna Hasanatu, mahaifiyar Zulkifli, tun ranar sadakar uku. Ta ce a gidansu mai takaba ba ta hira da duniya, haka aka yi wa uwarta, haka ita ma aka yi mata. Ko tsakar gida ba na takawa sai in zan kewaya, shi ma da mayafi har ƙasa. Na ce mata malamai ba su ce a tsananta haka ba, ta ce malamai ba su taɓa zaman takaba ba. Hajiya Zeinab mai atamfa ce ta shigo gaisuwa, ta ce jibi za ta kama hanyar Kano da kaya, na ce to ga dama ta samu. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da rubuta Hausa tun ina yarinya a gidanku a Fagge.

Kin riga kin ji yadda abin ya faru. Ya taso daga aiki a Adakpame, babbar mota daga tashar jirgin ruwa ta haɗa da babur ɗinsa. Aka kawo shi, aka yi masa sutura, maza suka ɗauke shi suka fita. Iyakar abin da na gani ke nan.

Wata magana ce ta sa na ɗauki biro, kuma don Allah ta tsaya tsakaninmu. Kin san wurin aikinsa, gidan nan da ake tara macizai da hawainiya da damo ana aika wa Turawa su ajiye a ɗaki kamar kyanwa. Bara waccan ya dawo da wani ɗan damo a aljihun riga, yatsun ƙafarsa ta baya sun guntule, an ce Bature ba zai saya ba. Ya sa masa suna Direkta, wai don ba ya aikin komai sai ci da hura ciki da harara. Na yi faɗa har na gaji. Yanzu ya kai tsawon hannuna. Kin san Allah bai ba mu haihuwa ba, to sai Zulkifli ya riƙa cewa Direkta ne babban ɗanmu, ni kuma in jefe shi da takalmi.

Ranar da aka yi rasuwar, ina jin mata a bayan labule suna ƙus-ƙus. Wai mutumin da ya ajiye damo a gida, a garin da ake tsafi da irin waɗannan, ai dole a ga abin da aka gani. Inna ta ce a fitar mata da shi daga gida. Wata ta ce ta san mai saye a kasuwar 'yan tsafi. Yaya, na taɓa ratsa kasuwar nan, na ga yadda suke shanya su a kan tebur, baki buɗe. Sai na ce ai ya gudu a cikin hayaniyar mutane. Bai gudu ba. Yana cikin kwalin madara a ƙarƙashin gadona.

Da farko yana ci. Ƙwan da ake dafa mini nake ba shi, da kyankyasai in na samu na kama. Ni Radiyya da nake tsalle in hau kujera in na ga kyankyaso, yanzu farautarsu nake yi da tsintsiya. Amma ga shi ya fara ƙin abinci, ya daina hura ciki ko da na taɓa shi. Ba ni da wanda zan tambaya a nan. Abin da nake so kawai shi ne in raya shi har in fita takaba, in kai shi wurin abokan aikin Zulkifli su duba shi. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ƙanwarki,
Radiyya

*

Fagge, Kano
Ƙarshen watan Yuni

Ƙanwata Radiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kike lafiya. Mu ma ƙalau, sai ƙafar Goggo da ke tashi in hadari ya haɗu. Allah ya jiƙan Zulkifli, ya sa ya huta, ya ba ki dangana. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga miki murya ba, ke ce ma mai ɗagawa.

Na buɗe takardar nan, na ce yau zan sha kuka. Na zauna, na gyara ɗankwali, na kori yara. Sai na tarar mijinki ya samu 'yan layuka, damo ya kwashe sauran. Radiyya, anya lafiya? Na karanta na sake karantawa, na rasa ko dariya zan yi ko salati. Ban gaya wa Goggo ba, don in ta ji 'yar ƙanwarta tana zaman takaba da damo a ƙarƙashin gado, ciwon ƙafa ba zai hana ta tahowa Lome ba.

Ki saurare ni, ni ce babba. Zaman ɗaki yana taɓa kai, na ga mata da yawa. Lokacin nan na addu'a ne da karatu, ki yi wa mijinki abin da zai amfane shi inda yake. Kuma ki yi tunanin ranar da surukarki za ta leƙa ƙarƙashin gadon nan. Maganar da matan suka yi a bayan labule, a gabanki za su yi ta, kuma ba sunan Zulkifli za su kira ba, naki za su kira. Ki ba Hajiya Zeinab shi a jaka ta sake shi a daji in sun fita gari, ki huta.

Amma na san ki, tun kina ƙarama in aka ce ki saki abu sai ki ƙara damƙewa. To tunda kin mai da shi mutum, sai ki yi masa jinyar mutum mana. Ki lulluɓe Alhaji Direkta da bargo, ki rufe taga kada iska ta buge shi, ki dama masa koko da madara, in ya ƙi sha ki yi masa ɗure. Ki gaishe shi da jiki.

In kin fita takaba, nan za ki zo. Ɗakin da kika taso a ciki yana nan. Na sa miki kilishi da yajin daddawa a hannun Hajiya, ke na aika wa, ba shi ba.

Yayarki,
Asibi

*

Zongo, Lome
Tsakiyar watan Yuli

Yaya Asibi,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ƙafar Goggo ta yi sauƙi. Kilishi ya iso, na gode, na ba Inna rabi. Ni ina nan, sai ɗan ciwon kai da ba a rasa ba.

Faɗanki ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Kin ce mijina ya samu 'yan layuka. Me kike so in rubuta? Duk wadda ta shigo ɗakin nan sai ta ba ni labarinsa, yadda ya taɓa ɗaukar mata kaya, yadda yake gaisuwa. In ce Allah sarki, in ce amin, ta tashi, wata ta zauna a inda ta tashi. An kwashe kayansa an raba. An ɗauke hotonmu daga bango. Babur ɗin ma ban san inda ya ƙare ba. Abu ɗaya ne ya rage a gidan nan da ya san hannun Zulkifli kuma yake numfashi. In na sa tafin hannuna a bayansa na ji yana ɗagawa yana sauka, sai in ji ranar za ta wuce. Ban haukace ba, Yaya. Kewa ce take neman kashe ni.

Duk da haka na ga a ƙarshen takardar kin tausaya mini kin ba ni shawara, kuma na gode, don ke kaɗai kika ba ni. Na yi duk yadda kika ce. Bargo ya yi wa kwalin girma, sai na naɗe shi da rigar sanyin Zulkifli da na ɓoye ba a raba da ita ba. Na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, don ruwa ake ta yi, iskar teku kuma tana shigowa da sanyi. Koko kuwa da ƙaramin cokali nake buɗe bakinsa in zuba. Rabi yana shiga, rabi yana dawowa ta gefen baki. Ba ya so, yana kau da kai, amma ai mara lafiya bai taɓa son magani ba.

Sai dai har yanzu ban ga sauƙi ba. Jikinsa sanyi ƙarara duk da rigar. Gindin jelarsa da yake cike da kitse ya fara lotsawa. Ko in ƙara masa wani zanen ne?

Shekaranjiya wata malama ta zo tana yi mana karatu, mata sun cika ɗaki, sai ya motsa a cikin kwalin, ƙarar-ƙarar. Na kama tari kamar zan shiɗe, har aka kawo mini ruwa. Wata ta ce ɓera ne, za ta aiko da magani. Na yi godiya. Da suka tafi na yi dariya ni kaɗai, dariyar farko tun watan Mayu, daga nan ta juye ta zama wani abu.

Ɗakin nan na haddace shi. Na san inda fenti ya ɓare, na san inda ruwa yake tsattsafowa. Ina jin masu zemijan, 'yan acaɓarmu na nan, suna hon a bakin layi, ina jin mai burodi, ina jin kiran salla daga masallatai uku ba sa taɓa farawa tare. Duk a kunne. Da can kullum da sassafe nake fita shagon atamfa a babbar kasuwa ina ƙorafin gajiya. Yau da za a ce in je in dawo a ƙafa, da na yi godiya.

Ki rubuto da wuri.

Radiyya

*

Fagge, Kano
Ƙarshen watan Yuli

Radiyya,

Sallama. Muna lafiya. Gaisuwar ta isa haka, ki karanta da sauri.

Ki cire masa rigar nan yanzu. Ki daina ba shi koko. Ki buɗe taga. Innalillahi, Radiyya, wasa nake yi! Zolayarki na yi kamar yadda na saba, na ɗauka za ki yi tsaki ki ce Yaya ba ta da kirki. Da muna zaune ne kin ga fuskata da kin gane. Ban taɓa jinyar ko kaza ba, ina na san jinyar damo?

Da na gama karanta takardarki ban ko sa takalmin kirki ba na nufi gidan Malam Nata'ala, tsohon nan na bayan layinmu da ya yi farauta da ƙuruciya. Na ce masa wata ƙawata ce. Ya fara dariya, da ya dubi idona ya bari. Ya ce damo ba shi da ɗumin jikinsa. Ya ce bargo ɗumin da ke jikin mutum yake tsarewa, shi kuwa babu abin da za a tsare, sai ma a hana na waje shiga. Rana yake sha kafin ya iya komai. In bai sha rana ba, ko ya ci abinci ba ya narkewa, zama yake yi a cikinsa ya lalace. Ya ce a fitar da shi hantsi kullum, a kan dutse ko siminti mai ɗumi, a ajiye masa ruwa a faffaɗan kwano da inuwa a kusa. In ya fara zaro harshe, sai a gwada shi da katantanwa ko fara. Na tambaye shi ko zai tashi. Ya ce ya danganta da daɗewar da ya yi a duhu. Ban gaya masa tun watan Mayu ne ba.

Na kira wayarki, a kashe. Na kira ta Inna Hasanatu, ta ɗauka, muka gaisa, na ce don Allah ta ba ni ke ko na minti ɗaya. Ta ce kina lafiya, in akwai saƙo in faɗa mata. In na faɗa na tona miki asiri, in na yi shiru ga abin da ke faruwa. Na ce ta gaishe ki.

Hajiya Zeinab ta ce ba za ta koma Lome ba sai ta gama sayar da kaya. Kullum ina Kantin Kwari a kanta kamar mai bin ta wani abu. Maganar da na yi a kan layukan mijinki kuma, ki yafe mini. Bakina ya riga hankalina.

Ki fitar da shi rana, ko me za a ce.

Asibi

*

Zongo, Lome
Tsakiyar watan Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Wannan ta hannun matar wani direba na ba da, ban san ko za ta iso ba.

Shiru har yanzu. Hajiya Zeinab ba ta dawo ba, babu wanda ya san dalili. Ko kin ba ta amsa, ko kin yi fushi ne don na ce faɗanki ya yi mini zafi? In fushi ne ki bari sai na fita mu yi shi da kyau. Yanzu ba ni da ƙarfinsa.

Ruwa ya ɗauke amma gari a lumshe yake, sanyin Agusta ya shigo. Na ƙara masa zane a kan rigar. Ya daina motsi a kwali, har na daina tsoron baƙi. Idonsa ɗaya ya rufe. In na ɗaga shi ba nauyi, ƙafafunsa suna reto, haƙarƙarinsa duk a waje. Kokon ma yanzu gaba ɗaya yake dawowa. Ina yin komai daidai yadda aka ce, yana ƙara tafiya.

Jiya na tsaya a bakin ƙofa da mayafina, kwalin a hannu. Na ce bari kawai in fita, in tare zemijan, in ce Adakpame. Ba nisa, Yaya. Sai na ji muryar Inna tana lazimi a ɗakinta, tana kiran sunan ɗanta a cikin addu'a. Na mai da kwalin inda yake.

Ki ce wani abu, ko zagi ne.

Radiyya

*

Zongo, Lome
Ƙarshen watan Agusta

Yaya Asibi,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Hajiya Zeinab ta iso. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a gidan 'yarta a Kwatano, takardarki tana cikin jakarta duk tsawon lokacin.

Na karanta a tsaye. Da na zo inda kika ce wasa kike yi, sai na zauna a bakin gado. Ba ke na ji wa haushi ba a lokacin, wannan ya zo daga baya kuma ya wuce. Abin da ya faɗo mini shi ne yadda yake kau da kai in na kawo cokali, ni kuma in riƙe masa wuya ina lallashi.

Hantsi ne, kuma Allah ya sa ranar gari ya buɗe. Gidanmu benaye sun kewaye shi, rana ba ta sauka sai a tsakiyar tsakar gida, wajen igiyar shanya, inda matan haya suke wanki. Babu wani lungu da zan ɓuya. Na warware shi daga rigar, na rungume shi a ƙirji, na fita. Na ma manta da mayafi.

Wata ta saki bokiti. Wata ta ce, "Mon Dieu, ashe bai gudu ba!" Wata ta janye ɗanta ta shige ɗaki tana a'uziyya. Na wuce su na shimfiɗa shi a kan siminti, na zauna a gefensa. Rana ta bugi fuskata har idona ya yi ruwa, na daɗe ban ga komai ba.

Sai ga inuwar Inna a kaina. Na ce yau kam sai abin da Allah ya yi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Haka ya koma?"

Na ce, "Inna, ki yafe mini, ƙarya na yi."

Ta ce, "Ke, rufe mini baki. Bango ɗaya ne tsakanina da ke. Kina tsammanin ban san ƙarar farcen abin nan ba? Tun makon farko nake jin sa."

Na ce, "Ba ki ce komai ba."

Ta ce, "In na yi magana dole in fitar da shi, na riga na faɗa a gaban mutane. Na ce bari in zama kurma." Ta juya wurin matan ta ce wadda ba ta da aiki ta zo ta ba ta. Kowa ta koma kan wankinta.

Na gaya mata abin da Malam Nata'ala ya ce. Yaya, sai tsohuwar nan ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Ta ce kullum da hantsi, bayan na tafi kasuwa, Zulkifli yakan fito da shi nan daidai inda na ajiye shi, ya zauna yana gadinsa kafin ya tafi aiki. Kullum sai ta yi masa faɗa, ƙato da shi yana shanya ƙadangare kamar wanki. Ni ban sani ba don ba na gida. Ranar Lahadi in na gani, na ɗauka shiririta ce irin tasa. Na ce, "Inna, da kin gaya mini." Ta ce, "Ina na sani? Ni ma na ɗauka sakarcin ɗana ne."

Tun ranar kullum muna fitowa. In gari ya lumshe, Inna ta sa garwashi a kasko ta ajiye nesa kaɗan da shi. Ita da kanta ta je kasuwa ta sayo katantanwa, ta ce wa mai sayarwa miya za ta yi. Bai ci ba tukuna. Amma jiya ya buɗe idon da ya rufe, ya zaro harshe ya taɓa yatsana. Har ya ɗan hura ciki da Inna ta matso, ta ce, "Ka ga mara kunya, ni za ka yi wa?"

Waya dai tana akwati, a nan ba ta sassauta ba. Ki yi mana addu'a.

Radiyya

*

Fagge, Kano
Farkon watan Satumba

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Takardunki biyu a rana ɗaya suka same ni, kuma Allah ya taimake ni na fara buɗe ta ƙarshe, da wadda kika ba matar direba na fara da ban kai ga ɗayar ba.

Alhamdu lillahi! Na yi kuka, na yi dariya, maigida ya ce ko an yi mana haihuwa ne a Lome. Na ce kusan haka. Na koma wurin Malam Nata'ala, ya ce zaro harshe alama ce mai kyau, amma kada a yi gaggawar abinci. Ki gaishe mini da Inna Hasanatu da kyau. Na yi mata mummunan zato, Allah ya yafe mini.

Na yi alkawari ba zan ƙara yin wasa a takarda ba, sai dai wannan ɗaya: in kun taho, Direkta ne zai biya kuɗin kujerarsa. Da gaske nake, ku zo ku biyu. Rana a Kano ba sai an nema ba, har ta yi yawa. Na gaya wa Goggo komai, ta yi salati ta gama, ta ce a share masa bayan ɗaki. Takabarki ta kusa ƙarewa. Kina da ƙuruciya, Radiyya, ba a gidan miji da babu miji za ki tsufa ba. Ki gaya mini ranar da za ki taso in je tasha.

Yayarki mai bakin tsiya,
Asibi

*

Zongo, Lome
Tsakiyar watan Satumba

Yaya Asibi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Jikina lafiya.

Direkta ya mutu, tun kafin takardarki ta iso. Ki ce wa Goggo na gode da bayan ɗakin.

Ranar Talata ce, rana ta fito sosai. Da safe har ya ja jiki da kansa zuwa kwanon ruwa ya sa haɓarsa a ciki, muka ce to yau zai ci. Na shiga in ɗauko katantanwa, na dawo na same shi yadda na bar shi. Na sa hannu a bayansa. Da ɗumi, Yaya, ɗumi sosai, shi ya sa na daɗe ban yarda ba. Na zauna ina jira ya ɗaga. Inna ce ta zo ta cire hannuna.

Kada ki ɗora wa kanki. Ni na sa shi a duhu tun kafin ki rubuta komai. Na yi ta juya abin har na gaji, kuma duk inda na juya shi, kowa cikinmu alheri ya nufa. Wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Wata daga cikin matan haya ta ce a jefa a bola. Inna ta ce in ya kwana a bola gobe yana kan tebur a kasuwa. Gidanmu duk siminti ne, sai wani wuri a bayan madafa da ya tsage. Ta ɗauko tsohuwar adda muka ɓamɓare, muka haƙa da murfin tukunya. Ƙasar Lome yashi ce, ba ta yi mana gardama ba. Ta ce, "Ba likkafani, ba salla. Dabba ce, kada mu yi saɓo." Na ce to. Na sa shi da hannuna, ita ta tura ƙasa.

Sai ta kasa tashi. Ta yi ta shafa wurin da tafin hannu tana daidaitawa, ya daidaitu tana ci gaba da shafawa. Ni da ita babu wadda ta ga an sa Zulkifli a ƙasa. Ɗanta ke nan guda ɗaya, kuma tun ranar da aka fita da shi ban ga hawayenta ba, ita ce mai ba kowa haƙuri. A bayan madafa ta yi kukan, da sauti, kamar yarinya. Na riƙe ta muka yi tare, tuwo ya ƙone a kan wuta babu wadda ta motsa.

Da ta natsu ta kama wuyan hannuna, da yashi a yatsunta. Ta ce, "Cikin abin da ɗana ya kawo gidan nan mai numfashi, saura ke." Ta daɗe ba ta saki ba.

Tun ranar take kwana a ɗakina. Ita take zuba mini abinci, ta zauna sai na cinye. In na yi atishawa ta tashi ta rufe taga. Jiya ta tambayi Hajiya Zeinab ko in na fita takaba za a iya kawo mini atamfa gida in riƙa sayarwa daga ɗaki, don hanyar kasuwa manyan motoci sun yi yawa.

Takardarki tana ƙarƙashin filo. Na karanta inda kika ce in gaya miki ranar da zan taso, kuma ina so in zo, Allah ya sani. Sau biyu na shirya maganar da zan yi mata, sau biyu na dubi fuskarta na tambaye ta ko ta sha maganinta. Mako mai zuwa za a yi mini wankan fita. Kada ki je tasha tukuna.

Ƙanwarki,
Radiyya